Namiji Ba Ya Daka a Gidan Inna

Ni dai tun ina yarinya na gaji da baƙi. Na san magana ce marar daɗin ji daga bakin 'yar Musulmi, amma wanda bai ƙare ƙuruciyarsa yana wanke kwanonin mutanen da bai san su ba, bai san garinsu ba, ya dakata kafin ya ga laifina. Gidanmu a wata tunga yake tsakanin Anka da Bukkuyum, kuma duk wanda rana ta faɗi masa a hanya, in ya tambayi wurin kwana, ƙofarmu ake nuna masa. Fatake, masu tallar magani, Fulanin da za su kai shanu kasuwa, wanda babur ya mace masa a daji, duk namu ne. Baba yana zaure yana amsa sallama yana shan suna, wai gidan mai baƙi. Ni da Inna muna ciki muna surfe da tankaɗe. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Ina da 'ya, 'yar farina. Yanzu ta zama budurwa, tsayinta ya kusa nawa, amma maganar da ke bakinta ba ta kai ta ɗan yaye ba. Mutane kan tambaye ni ko haka aka haife ta. Ba haka aka haife ta ba. Lafiyarta lau na haife ta a ɗakin Inna, kuma abin da ya same ta da sallama ya shigo gidanmu, har aka shimfiɗa masa tabarma.

Kada a ɗauka Baba ne kaɗai mai son baƙi. Inna ta fi shi, nata ne dai ba a gani. A wurinta ba a tambayar baƙo daga ina sai ya sha ruwa, kuma ruwan nan ba ya dawowa ciki. Tun ina 'yar mitsitsiya ta koya mini: in cika kwanon sha, in durƙusa a bakin zaure, in miƙa da hannu biyu, kada in tashi sai an sha. Ranar tafiya kuwa ba a tambaya, ko da wasa. In baƙo ya daɗe har na fara ƙunƙuni, sai ta ce, "Baƙo raɓa na, hantsi na yi shi tahi." Ni kuwa na ga raɓar da ta ci damina ta ci rani a zaurenmu ba ta bushe ba.

Da aka kai ni aure Gummi, na ce alhamdu lillahi, na huta. Gidan mijina tukunyar mutum biyu ce, in na wanke ta na kife, shi ke nan sai gobe. Hutun bai yi nisa ba. Ciki ya tsufa, aka maido ni gida haihuwar fari kamar yadda ake yi. Na haihu, na gama wankan jego, ina ɗaure kaya sai mijina ya sami aiki can kudu, ya aiko cewa in zauna wurin iyayena har ya sami wurin da zai ajiye mu. Zaman da aka ce ɗan kaɗan ne ya miƙe. Na koma bakin turmi kamar ban taɓa barinsa ba.

A wurinmu uwa ba ta nuna cewa 'yar fari tata ce. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in ta yi kuka sai in kau da kai har Inna ta ce in karɓe ta in ba ta nono. Inna ke goyonta, tana ce mata "ƙawata". Inda Inna take nan yarinyar take, a bayanta in tana daka, a gindin ƙafarta in tana tankaɗe. Wayo gare ta kamar me. Da ta fara rarrafe tsakar gida ta zama gonarta, kuma duk abin da ta tsinta baki take kai shi.

A lokacin ne maganar zinari ta tashi a dajinmu. Baƙi suka canza. Da masu kwana su wuce ne, yanzu masu zuwa da tabarmarsu da butarsu. Namu ya iso da la'asar, wani dogon mutum daga can gabas, Hausarsa a hankali kamar mai tafiya cikin ƙaya. In faɗi gaskiya, mutumin kirki ne. Ba ya wasa da salla, ba ya raina tuwo, in zai maido akushi sai ya ɗauraye shi. Yana ce wa Baba "Baba", yana gaida Inna daga bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida. Da safe ya tafi rami, da yamma ya dawo da buhu a bayan babur.

Duwatsu ne a buhun, masu toka-toka da ɗan ƙyalli. Sai an farfasa su, an daka su sun zama gari, sannan a kai rafi a wanke, mutum ya tsinci abin da Allah ya ba shi. Da farko a bayan zaure yake farfasa su da guduma. Wata rana ya roƙi Baba aron turmi. Inna na da wani tsohon turmin ƙirya da aka kawo ta gidan da shi, ta ce a kai masa. Ya samo wani dogon ƙarfen mota ya mai da shi taɓarya.

Daka kowa ya san muryarsa. Na mace yana tafiya daidai, har ka iya waƙa a kansa. Na baƙonmu kuwa, ƙum, ya tsaya, ƙum-ƙum, ya yi tari. Ina ganin Inna tana saurare tana mutsu-mutsu a kan kujera. Ana cikin haka sai ga maƙwabciyarmu ta shigo ɗibar wuta. Mace ce da ba ta ganin abu ta bar shi ya wuce.

Ta ce, "Yaya, ashe gidanga ya sake? Na ji taɓarya bakin zaure, nic ce ko amarya anka kawo ba a hwaɗa muna ba. Ashe baƙonku na ka daka da hannunai!"

Ta yi dariyarta, ta ɗauki garwashinta ta fita. Na ga yadda Inna ta ajiye rariya. Baba na shigowa ta tare shi.

"Malam, a shigo min da buhunnan ga ciki, da turmina."

Baba ya ce, "Dutsi na hwa, ba hatsi ba."

"Ko ƙarhe na. Namiji ba shi daka gidanga ina da rai, balle baƙo."

Baƙon ya ji, ya matso bayan zana. Ya ce, "Inna, ki bar shi don Allah. Aikina ne, na saba."

Ta ce, "Ka saba can inda kat taho. Nan ba ka sabawa."

Ya yi ta roƙo, ita kuwa ta gama magana. Haka aka shigo da buhu tsakar gida, aka dasa turmi a gindin darbejiya, inda muke duk aikinmu. Ba mu kaɗai ba ne, gidaje da yawa a tungar mata na dakan dutse, ana biyansu. Baƙon ya aiko da ladan daka, Inna ta mayar masa da faɗa, ta ce ko tuwon ma zai fara biya ne. Mu namu dakan na kunya ne tsantsa.

Ban taɓa yin aiki mai cin rai irin wannan ba. Ƙarfen nan nauyi gare shi, in ka sauke shi sai ka ji shi har cikin haƙora. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Mu daka, mu tankaɗe, mu maida tsakin turmi, mu shanya gari a tabarma. Garin kuwa laushi gare shi fiye da na tuwo, kuma ba inda ba ya zuwa. Yana kan murfin randa, yana kan kuɓewar da muka shanya, yana cikin maƙogwaro da ɗanɗanon ƙarfe. In muka gama, Inna ta ɗauraye turmi da rariya, mu zuba gero. Na yi ƙunƙuni har na gaji da ƙunƙunin, amma wallahi gajiyata kawai nake kuka da ita, ban ga wani abu bayanta ba.

Na tuna wata yamma Inna ta sauke yarinyar daga bayanta, kanta ya yi fari fat da gari. Inna ta ɗaga ta tana dariya, tana cewa, "Ku dibi ƙawata, ta riga ni hurhura!" Yarinyar ma ta ɓangale baki, haƙoranta biyu a waje. Ni ma na yi dariya a ɓoye, na juya baya kada a gani.

Da bazara ta kama, zafi ya tsananta, sai yarinyar ta fara ƙin nono. Daga nan amai, da wani kuka siriri da ba ya yankewa. Ta daina rarrafe. Rannan da hantsi tana cinyar Inna sai ta sandare, idanu suka kafe, ta shiga taune-taune. Ba gidanmu kaɗai ba. Kusan kowane gida akwai yaro kwance, kuma maza suka riƙa zarya zuwa maƙabarta da 'yan ƙananan gawawwaki a hannu, ko makara ba a buƙata. Maƙwabciyarmu mai ɗibar wuta ta rasa jikanta. Aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce, aka ce zafi ne. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Baƙonmu da kansa ya hau babur zuwa Anka ya sayo maganin zazzaɓi, ya miƙo ta bayan zana. Dakan dutse kuwa ba a fasa ba, don ba wanda ya ce akwai ruwansa a ciki.

Ni fa duk wannan ina gefe. Ba dama in fizge ta daga hannun Inna in rungume. Sai in sami abin yi kusa da su, in yi ta sharar wurin da na riga na share.

Sai ga wasu baƙin kuma, a farar mota. Likitoci ne, wasu 'yan ƙasa, wasu daga ƙasashen da ban san sunansu ba, suna bi gida-gida. Mata biyu suka shigo mana, wata Baturiya da wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Anka mai yi mata tafinta. Inna, da jikarta kwance a gabanta, ta tashi ta dama fura da nonon da Bafillatanarmu ta kawo da safe, ta sa na miƙa musu. Suka karɓa, suka yi godiya, suka ajiye ƙwarya a gefe ba su kai baki ba. Na ga ran Inna ya ɓaci. A iya sanina ba a taɓa yi mata haka ba.

Baturiyar ta duba yarinyar, ta duba tabarmar shanya, ta tsaya a kan turmi. Ta yi magana, tafinta ta juyo.

"Inna, ina anka daka dutsin ga?"

Inna ta gyara zama. Da alfahari ta amsa, wallahi da alfahari. "Nan cikin gida mana. Ni da ɗiyata munka daka mishi. Baƙonmu na, mu bar shi shi yi da hannunai?"

Tafintar ba ta juya maganar nan take ba. Ta durƙusa gaban Inna ta yi mata bayani a hankali. Ta ce dutsen nan akwai dalma a cikinsa. Ta ce garinsa guba ne, babba yana iya ɗauka ya yi ta yawo, amma ƙaramin yaro mai rarrafe yana kai hannu baki, shi yake kamawa, ya hau masa kai. Inna ta dubi turmi, ta dubi ƙwaryar furar da aka ƙi sha. Ta ce, "Cikin turmin ga nid daka geron hurag ga."

A motarsu aka kai mu asibiti a Anka, ni da yarinyar, don ni ce mai nono. Can ne na fara goya 'yata a gaban mutane, ba mai kallona, kowace uwa ta kanta take yi. Mun daɗe. Magani ake ba ta a kai a kai, ana ɗibar jini, ana cewa mu ƙara haƙuri. Wata 'yar'uwar Baba da ke aure a garin ta riƙa kawo mini tuwo, ni ma na ɗanɗana zama baƙuwa, na ji yadda loma ke nauyi in ba kai ka tuƙa ba. Baƙonmu ya zo dubiya ba sau ɗaya ba. Yakan tsaya a gindin bishiya a waje ya aiko da dabino. Ban taɓa fita ba, dabinon ma maƙwabtan gadona nake ba.

Yarinyar ta rayu. Wannan kam na gode wa Allah, kuma har gobe ina godewa. Amma yarinyar da na dawo da ita ba ita ce wadda na tafi da ita ba. In an kira ta ba ta waiwayowa da wuri, in an zaunar da ita sai ta zauna inda aka ajiye ta. Gidan ma ya sake. An kankare ƙasar tsakar gida an kwashe, an zuba sabuwa ja, an tafi da tabarmi da rariya da turmin ƙirya an binne can nesa. Inna ta rame, ta daina wasa da kowa.

Baƙon yana nan a zaure. Ya ce wa Baba ba zai tafi ba sai ya ga dawowarmu. Da muka dawo ya yi sallama da Baba, ya ce gobe zai kama hanya. Da hantsi ina zaune a bakin ɗaki da yarinyar a cinyata, sai ga Inna ta shigo tana mirgino turmi. Na maƙwabta ta aro. Ta auno gero ta zuba.

Na ce, "Inna, mi za ki yi?"

Ta ce, "Guzuri. Baƙo za shi tahiya."

Ban san lokacin da murya ta fito mini ba. "Guzuri? Inna, ki dibi ɗiyata! Ɗiyata ta ga, ki dibe ta! Shi za ki yi ma guzuri?"

Ta tsaya da taɓarya a hannu. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ban kuma taɓa cewa "ɗiyata" a gabanta ba. Ta ce, "Shi ya ce in bar shi. Kin ji shi da kunnenki. Ni nic ce a shigo da shi." Ta share ido da gefen zane. "Ko na bar shi shi tahi hannu wohi, ƙawata ba ta tashi. Sai dai abu biyu su lalace."

Ta ci gaba da dakanta. Ban taya ta ba, ban kuma hana ta ba. Haushi nake ji, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Shi bai sani ba, ita ba ta sani ba, Baba bai sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, haka ake ta faɗa mini, kamar faɗin zai sa yarinyar ta ce "Inna". Aka ƙulla masa dawo da ƙuli-ƙuli, ya tafi.

Shekaru suka wuce. Mijina ya dawo, muka koma Gummi, na haifi wasu, lafiyarsu ƙalau. Ita kuwa Inna ta roƙa a bar mata ƙawarta, na bar mata, don na ga in na raba su ba wadda za ta kai labari. Yarinyar ta koyi tafiya a makare. Makaranta an gwada, ba ta riƙe komai ba. Wanka, sa tufafi, cin abinci, duk sai an tsaya a kanta. Abu ɗaya ne ya shige ta ya zauna, ban san yadda Inna ta yi ba: in ta ji sallama, za ta tashi ta cika kwano, ta je ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu. Kuma ba ta tashi sai an shanye.

Da daji ya ɓaci da 'yan bindiga, mutanen tungarmu suka watse, wasu Anka, wasu Bukkuyum. Baba bai daɗe ba bayan barin zaurensa, Allah ya yi masa rasuwa. Inna da yarinyar suka dawo wurina. Matar da ta ciyar da rabin masu bin hanya, yau ita ce baƙuwa a gidan suruki, tana cin tuwo kamar mai sata. Ni kuma tukunyar mutum biyun nan tawa ta zama babba, don duk ɗan tungarmu da ya shigo Gummi gidana yake tambaya. Na gaji, kuma na daina sa ran hutu.

Bara da kaka, bayan la'asar, aka yi sallama a ƙofa. Mijina ba ya nan. Ina jin muryar na gane ta, Hausar nan mai tafiya cikin ƙaya. Ya ce labarin rasuwar Baba ya iske shi a makare, ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa nan. Na sa hijabi na tsaya daga bakin ƙofa, Inna na bayana. Ya tsufa, ya rame, yana tari. Muka amsa ta'aziyya. Kafin in san abin da zan ƙara, 'yata ta ratsa ta gefena da kwano cike da ruwa. Ta durƙusa a gabansa ta miƙa.

Ya dube ta. Ya dube ni. Ya ce, "Ita ce?"

Na ce ita ce.

Ya kasa miƙa hannu. Hawaye suka zubo masa har gemu, yana ta maimaita innalillahi. Ita kuwa tana durƙushe a kan tsakuwa, ba ta san shi ba, ba ta san komai ba, ruwa kawai ta kawo. Na waiwayi Inna, ina jiran ta ce ya sha, kamar yadda ta saba ce wa baƙo. Ta sunkuyar da kai, don gidan ba nata ba ne.

Ba zan ce na yafe a wannan lokacin ba, ban ma san ko akwai abin yafewa ba. Hannuwan 'yata na gani sun gaji, ruwa yana zuba a kan zanenta.

Na ce, "Malam, sha don Allah. Ba ta tashi sai an shanye."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sha yana shessheƙa, har ya ga gindin kwano. Ta amshi abinta, ta tashi, ta koma ciki tana murmushi. Na tura a shimfiɗa masa tabarma a soro. Ban tambaye shi ranar tafiya ba. Na shiga madafa, na ƙara ruwa a tukunya, Inna ta jawo kujera ta karɓi rariya.